Yadda Ake Haɗa Waƙar Pop Punk a Ɗaki, Daga Rubutu Har Saki

Tun ranar da na saki waƙoƙi biyar na pop punk, kiɗan jitar lantarki da ganga mai sauri, da na haɗa a ɗakina, tambaya ɗaya ake ta jefo mini ta fuskoki daban-daban: wane situdiyo ka shiga, nawa aka caje ka, wa ya buga maka ganga? Amsar ita ce ban shiga ko'ina ba, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ganga. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na jera komai a nan yadda nake yi, mataki bayan mataki.

Wanda na ɗauki salon aikin daga gare shi wani Ba'amurke ne ɗan Long Island a jihar New York, Jeff Rosenstock. Kundin farko na ƙungiyarsa Bomb the Music Industry! da ya fito a 2005 shi kaɗai ya haɗa shi a gida da laftof, gangar ma kwamfuta ce ta buga. A 2006 ya buɗe kamfaninsa Quote Unquote Records, inda kowa ke sauke waƙa kyauta, mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa. Har yau bai daina zubo waƙoƙi ba. Darasin da na kwasa a wurinsa shi ne a gama waƙa, a sake ta, a kama ta gaba. Duk abin da ke ƙasa an tsara shi ne don ka gama.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Zan faɗi farashi da dala, domin naira ba ta kwana inda ta yini.

Jitar lantarki ko wace iri ce, ko ta hannu ce, matuƙar wuyanta bai lanƙwashe ba kuma tana riƙe saiti. Saunkad, wato ƙaramin akwatin da ke shigar da jita da makirfo cikin kwamfuta: Focusrite Scarlett Solo ta ɗan haura dala 100, akwai na Behringer da ba su kai rabin haka ba kuma suna aiki. Makirfo ɗaya, Shure SM57 ko SM58, wajen dala 100. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya. Wayar jita ɗaya, wayar makirfo ɗaya. Sai laftof, ko tsohuwa ce.

Manhajar ɗaukar sauti kuwa, ni Reaper nake amfani da ita. Tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisin mutum ɗaya dala 60. Mai kwamfutar Apple yana da GarageBand kyauta. Wanda waya kaɗai gare shi ya sauke BandLab, ita ma kyauta ce. Don ganga akwai MT Power Drum Kit, ba a biyan ko kwabo, kuma sautinta ya dace da wannan kiɗa.

Gargaɗi: jabun SM57 da SM58 sun cika kasuwa. In ka ga sabo fil a kwali ana ba ka a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, ajiye musu abinsu. Kuma kada ka sayi amfilifaya, wato lasifikar da ake soka wa jita don ta yi ƙara, tukuna. Akwai manhajoji na kyauta da ke kwaikwayon sautinta a cikin kwamfuta, maƙwabta ma sun huta.

Gargaɗi na biyu, ga mu mazauna inda hunturu ke busar da komai: kada ka jingine jita a bakin taga ko ka bar ta a mota. Katako ne, yana motsi. Mayar da ita jakarta duk lokacin da ka gama.

2. Rumbun guntaye

Masu yawan waƙa ba sa jiran ilhama ta sauko. Tara guntaye suke yi. Buɗe manhajar ɗaukar murya a wayarka, duk karin da ya faɗo maka a baki, kana kan babur ne ko kana bakin famfo, rera shi na daƙiƙa 15 ka ajiye. Jimla ta burge ka a hirar majalisa, rubuta ta. Ranar Juma'a da yamma nake zama in saurari abin da ya taru a mako. Mafi yawa shirme ne. Amma ɗaya ko biyu za ka ji suna nan daram, ba su tsufa ba, su ne za ka ɗauka zuwa mataki na gaba.

Gargaɗi: sa wa kowane guntu suna a take. Ina da fayiloli sama da ɗari masu lamba kawai, na san akwai amshi mai daɗi a cikinsu, amma wa zai tona?

3. Kod huɗu da amshi

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Kod shi ne sautuka biyu ko fiye da ake kaɗawa tare, na wannan kiɗa kuwa yatsa biyu ne, ana ce masa pawa kod. Ɗora manuniya a tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, a gaɓa ta 3 (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafunan da ke gicciye a wuyan jita, ana ƙirgowa daga kan jitar). Ɗora yatsan zobe a tsirkiya ta 5, gaɓa ta 5. Kaɗa waɗannan biyun kaɗai. Ka buga G ke nan. Yanzu ɗauke hannun yadda yake, kada ka sauya tazarar yatsun, ka sauko tsirkiya ta 5 da ta 4: manuniya a gaɓa ta 5 D ce, a gaɓa ta 7 E ce, a gaɓa ta 3 C ce. G, D, E, C. Wannan jerin shi ne tuwon gidan pop punk, an ci an ƙoshi da shi shekaru da dama kuma tukunyar ba ta ƙare ba. Kada ka ji kunyar amfani da shi. Abin da zai bambanta waƙarka shi ne karin muryar da ka ɗora a kai da maganar da ka faɗa.

Hannun dama shi ke da wahala. Ana kaɗawa ƙasa-ƙasa ne kawai, sau takwas a kowane awo, awo kuwa bugu huɗu ne. A baiti, kwantar da gefen tafin hannunka a kan tsirkiyoyin daf da inda suka ƙare a jikin jita, sautin ya fito a shaƙe, cuk-cuk-cuk. Da an iso amshi sai ka ɗage hannu ka sake su su yi kuwwa. Wannan shaƙewa da sakewa ita ke sa mai sauraro ya ji amshi ya buɗe kamar an yaye labule, ko da kod ɗin bai canza ba.

Fara da amshi kullum. Buga kod huɗun kana ta zagayawa, kana rera "na-na-na" har wani kari ya maƙale. Gwajinsa mai sauƙi ne: ajiye jita, je ka ci abinci, ka dawo. In ka iya tuna shi ba tare da ka kunna waya ba, ya ci. In ya ɓace, Allah ya raka taki gona, nemi wani. Amshi ya kamata ya hau sama da baiti a murya, kalmominsa su yi kaɗan, kuma a iya maimaita shi cikin taro ba tare da takarda ba.

Sai ka gina sauran a kewaye da shi. Tsarin da nake bi: shimfiɗa awo 4, baiti awo 16, amshi 16, baiti na biyu 16, amshi 16, gada, wato ɗan sauyin kari kafin ƙarshe, awo 8, amshin ƙarshe 16. A gudun bugu 180 a minti, wannan minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi, kuma amshin farko zai iso kafin daƙiƙa 30. Kundin farko na ƙungiyar punk ta Ramones a 1976 waƙa 14 ne cikin minti 29, ka ga ke nan gajarta ba aibi ba ce a wannan gida.

Gargaɗi: kada ka fara da gudun 180. Kaɗawa shida ke nan a daƙiƙa, tsintsiyar hannunka za ta ƙage kafin ka kai amshi. Fara a 120, ka riƙa ƙara biyar-biyar a kullum. In ka ji zafi a gwiwar hannu, tsaya, kana matse abin kaɗawar da ƙarfi fiye da kima.

4. Kalmomi

Pop punk waƙar ƙananan damuwoyi ce da ake faɗa da babbar murya: kuɗin haya, saƙon da aka karanta aka ƙi amsawa, abokin da ya samu aiki ya daina ɗaga waya. Kiɗan yana dariya, maganar tana ciwo. Rubuta abin da idonka ya gani. "Ina cikin baƙin ciki" kowa ya faɗa. "Na wanke rigar da zan sa ranar ɗaurin aurenki" kai kaɗai ka faɗa.

In da Hausa za ka rera, kuma ina ba da shawarar haka, akwai tarkon da mawaƙan Turanci ba su san shi ba. Harshenmu yana da karin sauti da dogon wasali da gajere. Kari ya karkata kaɗan, kukan da kake yi saboda masoyiya ya koma kukar miya. Ka ja wasalin farko na gari don ya cike awo, garinku ya zama garin tuwo. Maganinsa shi ne ka faɗi layin da bakinka kamar kana magana, ka lura inda murya ke hawa da sauka, sannan ka daidaita karin waƙar ya bi shi. In sun ƙi jituwa, canza kalmar, kada ka murɗe ta.

Gargaɗi: a wannan gudu, layi mai gaɓoɓi sama da goma sha biyu zai shaƙe ka. Rage. Kuma bar wurin numfashi a rubuce, kada ka ce sai a gaban makirfo za ka nemo shi.

5. Gwajin farko a waya

Kafin ka kunna kwamfuta, jingine waya a kofi ka buga waƙar daga farko har ƙarshe, kai da jita. Saurara washegari. Duk wurin da hankalinka ya tafi wani waje, yanke shi. In muryarka na tsagewa a amshi, matsar da kod ɗin duka gaɓa ɗaya ko biyu baya. Yanzu ne lokacin wannan gyara. Bayan ka ɗauki jita da murya, canza shi sake aiki ne daga tushe.

6. Ganga

Buɗe sabon aiki a manhaja, saita shi a 24-bit da 44.1 kHz, ka rubuta gudun waƙar. Ɗora manhajar ganga. Bugun asali shi ne kik, babbar gangar ƙafa, a bugu na 1 da na 3. Sineya, mai ƙarar tas, a na 2 da na 4. Hayihat, ƙananan faifan ƙarfen nan, sau takwas a awo. A amshi ɗauke hannu daga hayihat ka mayar kan babban faifai mai watsuwa. Awo na ƙarshe kafin amshi, cika shi da sineya a jere don a ji wani abu na tafe.

Gargaɗi: mai ganga hannu biyu gare shi da ƙafa biyu. In ka sa abu uku na hannu suka faɗi lokaci ɗaya, kunne zai gane ƙarya ce ko bai san dalili ba. Sannan kada kowane bugu ya zo da ƙarfi iri ɗaya. Sassauta na tsakiya a hayihat, in ba haka ba zai yi kama da keken ɗinki.

7. Jita da bes

Sa sababbin tsirkiyoyi kwana ɗaya kafin ɗauka, don su gama miƙewa. Soka jita a saunkad, danna maɓallin da aka ware wa kayan kiɗa. Kaɗa da iyakar ƙarfinka kana murɗa ƙarar shiga har ma'auni ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Ja kada ya taɓa haskawa. In kana jin sautin na makara a hedifon, rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 a saitin manhaja.

Ɗauki jitar waƙar duka sau ɗaya, ka tura ta kunnen hagu gaba ɗaya. Sake bugawa karo na biyu a wani layin, ka tura dama. Wannan shi ne sirrin kaurin da kuke ji a waƙoƙin nan.

Gargaɗi: kwafe ta farko ka manna a dama ba zai yi ba. Sauti zai dawo tsakiya ne kawai, ya ƙara ƙara. 'Yan bambance-bambancen bugu biyu na gaske su ke ba da faɗin. Kuma duba saitin tsirkiya kafin kowace ɗauka, ba kafin kowace waƙa ba.

Gargaɗi kan gurnanin jita, wanda ake murɗawa a manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya: sabon shiga yakan murɗe shi har ƙarshe. Rage zuwa rabi. In ya yi yawa, kod ɗin ba ya fita, sai ka ji kamar ana soya ƙosai.

Matsalar da za ta fi damun wanda ke zaune a inda wuta sai a hankali ita ce zuuu ɗin nan da ke biyo waya. Sau da yawa cajar laftof ce, musamman a kan janareto. Cire ta, ka yi aiki da batir. Kashe fanka da doguwar fitila, sannan ka juya a kujera a hankali da jita a hannu har ka sami fuskar da ƙarar ta fi raguwa. Ni gabas ta karɓe ni, can nake kallo in buga.

Bes kuwa, jitar nan mai kaurin murya, ta bi sautin da manuniya ke dannawa a kowane kod, sau takwas a awo, daidai da kik. In ba ka da ita, aro na yini ɗaya, ko ka rubuta ta da manhaja kamar yadda ka yi ganga. Ba a son burga a nan.

8. Murya

Ɗakin siminti yana mayar da amo. Buɗe wardirof ka tsaya kana fuskantar kayan da ke rataye, ka rataya bargo a bayanka. Tazarar bakinka da makirfo kamar faɗin tafin hannu. Don kada iskar "f" da "b" ta daki makirfo, lanƙwasa wayar rataye kaya ta yi zobe, ka ja siririyar safa a kai, ka sa a tsakani.

Waƙata ta uku, cikin watan Afrilu na ɗauke ta, ƙarfe ɗaya na dare, bayan janareton maƙwabcina ya mutu. Fanka a kashe, ƙofa a rufe, kaina cikin manyan riguna na, gumi na gangarowa ta cikin hedifon. Sau tara ina rera amshi. A na goma komai ya zauna, na fito ina murna na kunna, sai ga tunkiyar gidanmu ta amsa mini daidai kan kalmar ƙarshe, da kyakkyawar murya kuwa. Na so in bar ta. Ƙanena ya ce, "Yaya, wallahi ta fi ka riƙe kari." Na goge, na sake.

Ɗauki waƙar duka sau uku, ka zaɓi mafi kyawun layi daga kowace. Amshi kuwa ninka shi, rera sau biyu ka haɗa. In kana son muryar taro irin ta "wo-o-o", kira abokai uku su tsaya taku biyu daga makirfo, a ɗauka sau uku, a raba hagu da dama da tsakiya. Mutum tara ke nan.

Gargaɗi: kada sautin hedifon ya yi ƙarfi, ƙirgen bugun da manhaja ke yi maka yana zubowa cikin makirfo kuma ba ya gogewa. Kada ka kuma daƙe muryarka da manhajar gyaran kari yadda aka saba a waƙoƙin nanaye. A wannan kiɗa ɗan karcewar maƙogwaro ado ne. In murya ta fara dishewa, sha ruwa mai ɗumi ka bari sai gobe.

9. Miksin, wato daidaita sautuka

Ba wa kunnenka hutun kwana ɗaya tukuna. Sannan sauke komai ƙasa, ka ɗago ganga, sai bes, sai jita biyun, murya a ƙarshe. A kan jita da murya, yanke duk sauti mai kauri da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, wurin kik da bes ne. Sa wa murya kwamfuresa, manhajar da ke danne wuraren da suka yi ƙara, a 4:1 don kalmomin da ka faɗa a hankali su fito. Amon ɗaki kaɗan, in har ka lura da shi to ya yi yawa. A layin ƙarshe da komai ke haɗuwa ɗora limita, mai hana ƙara wuce iyaka, rufinta a -1 dB. Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, don haka matse waƙa har ta shaƙe don ta fi ta kowa ƙara wahalar banza ce.

Fitar da ita ka saurara a lasifikar waya, a ƙaramar sifika ta Bluetooth, da cikin mota in ka samu. Tambaya ɗaya: ana jin kalmomi?

Gargaɗi: a wannan mataki waƙoƙi suka fi mutuwa. Na san mutanen da suka shekara suna murɗa sineya ɗaya. Ni gyara uku nake ba kowace waƙa. Na uku shi ne na ƙarshe, ko yaya ya fito.

10. Saki

Fitar da fayil ɗin WAV, ba MP3 ba. Hoton bango murabba'i, 3000 a 3000, kuma ya zama naka, ba wanda ka tsinta a intanet ba.

Hanya biyu ce. Ta kyauta: Audiomack, SoundCloud, YouTube, da Bandcamp, inda 'yan wannan kiɗa suka fi taruwa. A Bandcamp za ka iya barin mai saye ya yanka wa kansa farashi, irin tsarin Rosenstock, su kuma suna cire kashi 15 cikin 100 na cinikin. Ta biyu, in kana son shiga Spotify da Apple Music, sai ta hannun dillali. DistroKid na karɓar kuɗin shekara, dala ashirin da 'yan kai, ka ɗora iya yawan da kake so, wanda ya dace da mai yawan saki. CD Baby kuwa sau ɗaya ake biya a kan kowane abin da ka saki. Ɗora mako uku zuwa huɗu kafin ranar fita, domin Spotify na son a gabatar wa editocinta waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito.

Gargaɗi: kafin ka biya kowane dillali, tabbatar da hanyar da kuɗi zai iso asusunka a ƙasar da kake. Kada kuma ka sa rai da yawa. Tun 2024 Spotify ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12. Masu tallar za su sayar maka da masu sauraro, guje su, ana sauke waƙa a kan haka. In wani ya taimaka da kari ko layi, ku rubuta kason kowa a takarda tun ba a ga kuɗi ba, ku sa hannu.

11. Ajiya da waƙa ta gaba

Kwafe babban fayil ɗin aikin a wuri biyu, filashi ɗaya da ma'ajiyar intanet ɗaya. Sannan ajiye aikin a matsayin samfuri, da gangarsa da saitin jitarsa da na murya yadda suke, ka goge sautin kawai. Waƙar farko ta ci mini mako shida. Da wannan samfurin, ta biyar kwana huɗu ta ɗauka, biyu daga ciki jiran wuta ne. Ranar da ka saki waƙa, kafin ka fara leƙa mutum nawa suka saurara, buɗe rumbun guntayen nan na mataki na 2, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta ranar da za ka sake ta a jikin ƙofar wardirof.